Gemun Mas'udu da Ɗakin Kulorin

A Karakkai aka haifi Mas'udu, kuma da ya bi ta mahaifinsa, da a gonar dawa zai ƙare. Sai dai tun yana saurayi ransa na wajen ƙarfe. Ya koyi gyaran injin ban-ruwa a Bungudu, daga nan wani kawunsa ya samo masa aiki a gidan tace ruwan sha a Gusau. Aka ba shi ɗakin kulorin, inda ake jera tukwanen ƙarfe cike da iskar da ake sakar wa ruwa kaɗan-kaɗan don ta kashe ƙwayoyin cuta. A cikin ruwa magani ce. In kuwa ta kuɓuce, sai ta shaƙe mutum, ta ƙona masa ido da ƙirji.

Ya iya aikin, ga shi da barkwanci. Abu ɗaya yake ji da shi: gemunsa. Baƙi wuluk, har ƙirji, kullum sai ya taje shi a madubin babur. Matarsa Rakiya kan ce da gemun nan na cin tuwo, da ita sai ragowa.

Ana nan aka turo sabuwar shugaba, Injiniya Juwairiyya, 'yar Tsafe. Ta zo da takunkumi masu rufe fuska duka, ta ce kowa ya sa, ya toshe mashigar iskar da tafin hannu, ya ja numfashi. Na kowa ya manne cif. Na Mas'udu kuwa sai fito yake yi ta cikin gemu.

"Malam Mas'udu," in ji ta, "inda iska ta samu hanya, kulorin ma za ta samu. Ko gemu, ko ɗakin."

Ya koma gida jiki a sanyaye. Rakiya ta ajiye almakashi kusa da kwanon tuwonsa, tana ƙunshe dariya. Washegari ya sami Injiniya.

"Hajiya, ɗakin na gwamnati ne. Wanga gemu kuwa nawa ne."

Ta yi dariya, ta ce dama tana neman mutumin da zai riƙa tsayawa a waje. Daga ranar ba mai shiga ɗakin sai da wani a waje yana kallonsa ta gilashi, hannunsa kusa da ƙararrawa, yana kuma lura da wani jan ƙyalle mai kama da ƙafar wando da aka ɗaura a kan doguwar sanda don ya nuna inda iska ta dosa. Mas'udu ta ba wannan aiki, abokan aiki suka laƙaba masa Sarkin Iska. Yakan yi murmushi, amma a ransa gani yake an mayar da shi ɗan kallo.

Wata safiya da damina, abokinsa Isah ya shiga canza tukunyar kulorin. Da ya ɗaure, sai ya kara kwalbar amoniya a bakin bututun, yadda ake gwada yoyo. Farin hayaƙi ya tashi, alamar kulorin na yoyo. Mas'udu ya gani, ya rangaɗa ƙararrawa.

Ma'aikata suka yo waje, kowa ya nufi ƙofar fita. Mas'udu ya ɗaga kai, ya ga ƙyallen nan ƙofar yake nunawa, ga ta kuma a gangare, kulorin kuwa ƙasa take bi.

"Ba ƙofa ba!" ya daka tsawa. "Ku hau tudu, wajen tanki!"

Duk suka juyo, ban da Balkisu mai abinci, wadda ta kafe a gindin darbejiya ta ce ba inda za ta ta bar tukunyar shinkafa da wakenta. Injiniya ta iso sanye da takunkumi, ta yi masa alamar ya tafi, ita za ta kula da Isah. Mas'udu bai tsaya gardama ba. Ya sungumi tukunyar abincin da bakin rigarsa, ya ruga tudu.

"Kai, Malam! Ina za ka da abincin mutane?" Balkisu ta biyo shi a guje, ludayi a hannu.

Isah da Injiniya suka rufe bakin tukunyar gas ɗin, suka kunna fankar da ke zuƙe iskar ɗakin. Ashe zoben bakin bututun ne bai zauna daidai ba. Aka kai mutum biyu masu tari asibiti, aka duba su, aka sallame su. Sauran suka zauna a tudu suna jiran a ce su sauko. Tunda ga abinci ya riga ya hau, nan aka buɗe aka ci.

Yanzu ya yi ritaya, amma duk ranar da ya shigo Gusau sai ya biya wajen Balkisu. Takan cika masa kwano, sannan ta shaida wa duk wanda ke zaune cewa wannan ne mutumin da ya zubar mata da rabin wake a hanyar tanki.