Malam Ndagi da Saƙon da Bai Bar Minna Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Ndagi, kuma sai bana na iya zama in rubuta wani abu a kansa. Ba mantawa na yi ba. Kunya ce ta hana ni, da gajiya irin ta ma'aikacin da ya hango ritaya, ba ya son tono abin da zai dame shi. Ba zan faɗi sunan ma'aikatarmu ba, don har yau a can nake cin abinci.

Ma'aikata ce mai rassa a garuruwa da dama, kowane reshe yana turo bayanan aikinsa ta layi zuwa wata babbar kwamfuta a hedikwata, nan Minna. Malam Ndagi, mutumin Bida, shi ke kula da ita. Ɗakinsa sanyi kamar firji, shi kuwa kullum cikin suwaita, gabansa baƙin allo mai koren rubutu, wanda daga nan yake sa ido a kan komai. Da ya zauna da safe, kafin ya taɓa shayinsa, sai ya bi rassa ɗaya bayan ɗaya yana buga wani ɗan umarni da muke kira ping. Sallama ce kawai: babbar kwamfuta ta tura ɗan saƙo, idan na'urar can tana raye ta amsa. Idan aka ji shiru, akwai umarni na biyu, na bin sawu, mai nuna zango-zangon da saƙon ya bi da inda ya maƙale. Yawancinmu a na farko muke tsayawa. Shi ba ya ɗora wa kowa laifi sai ya buga na biyu.

A lokacin ina reshen Kontagora. Mu mutanen kudancin Kaduna ne, aiki ya kai mu can. Ina goyon ɗiyata ta uku, maigidana kuma yana kwance da ciwon da bai tashi daga shi ba, ni ke riƙe da gidan. Malam Ndagi muryarsa kawai na sani, a wayar ofis.

Sai layinmu ya soma yankewa. Kusan kullum, daga ƙarfe ɗaya na rana zuwa biyu, Kontagora ba ta amsawa. Manajan hedikwata bai sha wahalar gano dalili ba: ai mai jego ce a wurin, kashe inji take yi ta tafi gida shayarwa. Aka ba ni kweri, wato takardar tuhuma, na amsa. Aka ba ni na biyu. Daga nan aka sa ranar da zan tsaya gaban kwamiti, wata sakatariya kuma ta raɗa mini cewa an riga an buga takardar sallamata, hannu kawai take jira. Na yi kuka a bayan ofis har idona ya kumbura, don ban san inda zan nufa da yara uku da majinyaci ba.

Ranar nan waya ta yi ƙara. Hausar Malam Ndagi ba ta raba mace da namiji, kowa “kai” ne a wurinsa. Ya ce, “Rifkatu, gaya mini gaskiya, ka kashe inji?”

Na ce, “Baba, Allah ya sani ina zaune a gabansa. Yarinyar ma a ofis nake ba ta nono.”

Ya ce, “To kar ka tashi. Bari in gani da idona.”

Lokacin da layin ke yankewa shi ne lokacin da yake fita salla da cin abinci, shi ya sa bai taɓa kama abin yana faruwa ba. Sai ya daina cin abincin rana. Ya yi azahar a gaggauce ya dawo ya zauna gaban allo, yana buga ping, yana buga bin sawu, yana fitar da sakamakon a firinta. Mako biyu yana haka. Kullum zango na farko ya amsa, na biyu shiru. Zango na biyun nan kuwa ba a Kontagora yake ba. Wani akwati ne mai raba hanyar saƙo, rauta, da aka kafa a ƙaramin ginin bayan hedikwata, saboda reshenmu ne na ƙarshe da aka haɗa, babu sauran wuri a babban ɗaki. Manaja da kansa ya ba da umarnin a riƙa kashe babban janareta da rana don tattalin dizal, ƙaramin da ake tayarwa kuma ba ya kai wuta ginin baya. Ran da wutar gwamnati ta leƙo, layi lafiya lau. Saƙon da ake cewa na ƙi amsawa, ko get ɗin hedikwata bai taɓa fita ba.

Bai tona asirin kowa da farko ba. Ya ɗauki takardun ya sami manaja shi kaɗai. Manaja ya duba, ya ce za a ja waya zuwa ginin baya a gyara shiru, amma maganar matar Kontagora ta riga ta yi nisa, a bar ta ta tafi. Ran zaman kwamiti ina tsaye a gabansu, sai ga wani siririn dattijo cikin suwaita ya shigo ba a gayyace shi ba, ya shimfiɗa doguwar takardar firinta a kan tebur, ya bi layi-layi da biro yana bayani. Ranar na fara ganin fuskarsa.

Na tsira da aikina. Shi kuma bayan wata biyu aka yi masa canjin wurin aiki zuwa sitonmu na Sauka Kahuta, wai ana buƙatar mai gaskiya a can. Mutumin da ya san hanyar kowane saƙo a jihar nan ya koma jera katan-katan na takarda cikin zafi. Shekara uku ya yi a sito, hawan jini ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa. A cikin shekarun nan an dawo da ni Minna, ina zaune a Ketaren Gwari, tafiyar ɗan lokaci a acaɓa. Sau biyu na je gaishe shi. Sau biyu kacal. Tsoro nake ji a gan ni tare da shi, wannan ita ce gaskiyar, kuma har yau tana ci na.

Yanzu ni ke kan kujerarsa. Da zai dawo, ban san ko zai gane ɗakin ba. An kafa babban allo a bango mai ɗigon kore da ja, idan reshe ya faɗi saƙo ke shigowa wayata kafin in ajiye jaka. Ina jin zai so saurin, amma zai tsaya ya tambaya, jan nan wa ya bi sawunsa? Ba wanda ke bi. Ja ya fito, a kira reshe a ce su kashe su kunna. Ya sake fitowa, a rubuta kweri. Ni ma na sa hannu a kan wasu ban duba ba, saboda gajiya, saboda kowa haka yake yi. Tsohuwar manhajarsa mai baƙin allo tana nan a cikin babbar kwamfuta, abokan aikina suna kiranta gidan tarihi.

Makon jiya aka kawo mini takarda in sa hannu a matsayin shugabar ɗakin kwamfuta. Takardar tuhuma ce a kan Malam Isa na reshen Mokwa, magidanci mai iyali, wai yana barin wurin aiki, layinsa na yawan faɗuwa. Har na buɗe biro. Ban san abin da ya juyar da kujerata zuwa baƙin allon ba. Na jira Mokwa ta yi ja, na buga ping, shiru. Na buga bin sawu. Zango na farko ya amsa, na biyu ya amsa, na uku shiru. Na uku kuwa sabuwar na'ura ce a benen samanmu, wadda sabon manaja ya kawo mai kwangilarta da kansa, aka yi bikin buɗe ta da lemo da hotuna. Na maimaita kwana huɗu, amsar ba ta canza ba.

Saura mini shekara biyu in yi ritaya. Gwiwoyina ciwo suke yi, babbar ɗiyata tana jami'a, kuma na gaji da rigima tun kafin a fara ta. Takardar firinta tana cikin jakata tun Alhamis, na kai ta coci na dawo da ita. Ba a sa wa ko ɗaki ɗaya sunan Malam Ndagi ba, sababbin ma'aikata ba su taɓa jin labarinsa ba. Abin da ya rage nasa a ma'aikatar nan, in ban da suwaitar da ya manta a durowa, shi ne umarnin nan na biyu, da ni da ya tsaya wa ba tare da ya san fuskata ba. Idan na sa hannu a takardar Malam Isa, suwaitar ce kaɗai za ta rage.

Allah ya jiƙan Baba Ndagi, ya sa ya huta. Kwamiti zai zauna kan maganar Malam Isa ranar Talata da safe, kuma ba a gayyace ni ba. Idan sito za su tura ni, na san hanyar Sauka Kahuta. Sau biyu na je.