Kangon Gidan Kakanta

A shekarun da na koyar da adabi a wata sakandaren 'yan mata kusa da Dawakin Tofa, an taɓa sa mana wani littafin ban tsoro na Turanci. Labarin wani tsohon gida ne a ƙasar sanyi mai dusar ƙanƙara, masu shi sun watse sun bar shi, amma ana jin takun mutum a benensa. Na karanta wa ɗalibaina babin farko da murya ƙasa-ƙasa, ina jiran in ga sun tsure. Ko a jikinsu. Wata ma hamma take yi.

"Malama, ita dusar ƙanƙarar nan cizo take yi ne?" in ji wata daga baya. Aji ya kwashe da dariya, ni ma na taya su.

Na rufe littafin na ce, "To ku, ina ne yake ba ku tsoro?"

Wata ta ce tsohuwar rijiyar bayan garinsu. Wata ta ce burtali da damina, idan dawa ta yi tsawo har ba ka ganin na gabanka. Can sai wata yarinya mai shiru-shiru, 'yar wajen Kunci, ta ɗaga hannu. Ta ce ita gidan kakanta ne. Bayan rasuwarsa baffanninta suka sami saɓani a kan gona, kowa ya kwashe iyalinsa, wasu suka koma unguwar Bacirawa a birni. Yanzu rumbu ya rushe, turmi yana nan a tsakar gida, ciyawa ta kewaye shi.

"Ba aljanu nake tsoro ba, Malama," ta ce. "Na san muryar kowa a gidan. In na zo wucewa sai in ji kamar za a kira ni cin tuwo."

Na sake buɗe littafin, na maimaita babin nan. Wannan karon ba wadda ta motsa. Kafin mu kai tsakiyarsa, da kansu suka gano cewa gabar 'yan'uwa ce ta mayar da gidan labarin abin tsoro, suka yi ta musu a kan wanda ya fi laifi har aka kaɗa ƙararrawa.

Bayan hutun zango yarinyar ta same ni a gindin darbejiya ina duba jarrabawa. Ta ce ta ba babanta labarin littafin, sai ran Asabar ya ɗauki fartanya suka je tare suka nome tsakar gidan kakan nata. Har kuɓewa suka shuka. Da ta yi 'ya'ya ta kawo mini a leda, na yi miya da ita.