Gyaɗar Iri

Wannan labarin kaɗai ne kakata Iya Rabi ba ta buɗe shi da kiran tatsuniya. Bayan isha'i mukan zauna gaban murhunta a Rawayau, ita kuma ba ta zama wuri guda: ta gyara itace, ta leƙa awaki, ta dawo. Idan ta ce, "Wanga ba gizo ciki, ku natsu," mun san zancen wanta Sule ne.

Tana yarinya aka ɗauki Sule soja zuwa yaƙin Bama, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan kaka sai mai shela ya zagaya, wai kowane gida ya fid da gyaɗa domin masu yaƙi. Gidansu ya fid da tasa. Amma uwarsu ta kasa barci. Akan gaya mata ƙasar da ɗanta yake ruwa ne da daji, ita kuma abin da ta riƙe shi ne yana jin yunwa.

A ɗakinta akwai tukunyar gyaɗar iri, an barbaɗa toka an liƙe bakin da laka. Ko ana yunwa ba a taɓa ta sai ruwan shuka. Ranar da maigidan ya tafi kasuwar Kurfi, ta fasa lakar, ta juye a buhun masu karɓa.

Iya ta ce ubansu bai yi faɗa ba, ya dai daina cin tuwon ɗakinta. Damina ta faɗi, maƙwabta na shuka, shi yana bin dangi har Kuki yana roƙon iri. Rabin gonar ciyawa ta cinye.

Da Sule ya dawo, tun bai sauke kaya ba uwar ta tare shi: "Ka ci gyaɗata?"

Ya dubi ubansa, ya dubi ƙasa. "Na ci, Inna. Na ma gane ta."

Daren nan uban ya sa hannu a tuwon. Sai bayan rasuwar uwar Sule ya gaya wa Iya cewa shinkafa ya yi ta ci, ko ɓawon gyaɗa bai gani ba.

A jami'a a Dutsin-Ma na karanta cewa matan Amurka ma sun ba da tukwanen ƙarfe, sun yi shuka a bayan gidajensu domin yaƙin. Ban sani ba ko su an taɓa gaya musu inda kayan suka tafi. Ba zan iya cewa uwar ta yi daidai ba. Wataƙila uban ne mai gaskiya. Na taɓa tambayar Iya ko ƙaryar Sule halal ce. Ta miƙe ta tafi leƙa awaki.