Mai Zanen Wuta a Tashar Argungu

A tashar Argungu wata mata tana tsugune a inuwar motar Birnin Kebbi da ta ƙi cika. Za ta kai hamsin, bayan hannunta duk tabon ƙuna ne. Tana duba waya, tana kwaikwayon wani harafin rubutun Caina a ƙasa da tsinke: ƙugiyoyi a sama, ɗigo huɗu a gindi.

"Inna, duba kike yi?" in ji ɗan kamasho. "Duba min ko zan yi aure bana."

"Wa zai ba ka?" Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Harafin girki na. Ɗigon ga wuta ta."

Sauran bayanin cikin tsaki yake fita. 'Yan Caina masu aikin hanya take dafa wa abinci. Shinkafarta mai warara ba ta yi musu ba, sai wadda aka bari kan ƙaramar wuta har ta narke kamar kunu. Sun liƙa mata harafin a saman murhu, in ta sake kuskure gobe a sallame ta. Tafintansu ya ce da kalmar suke nufin juriya ma.

Juriya. Matar da ta tashi cikin fadamar shinkafa, wadda da gani bakuna da yawa ke jiran tukunyarta, ita baƙo zai koya wa.

Mota ta cika. Ta miƙe, ta murje ƙugiyoyin da diddige. Wutar ce kaɗai ta bari, ɗigon nan huɗu.