Baba Ɗan'auta, Mai Tsaron Gangar Juma'a

Kullum kafin jiniyar safe ta yi kuka, Baba Ɗan'auta ya riga ya jingine kekensa a bakin wata majema da ke Challawa. Sai ya sa takalmin roba, ya tsaya gaban babbar gangar da ake juya fatu da magani a cikinta, ya cire hula, ya sunkuyar da kai. Addu'ar ba ta kai minti ɗaya. Shekara ashirin da tara yana haka, har watan jiya da ya ajiye aiki.

Bahaushe ne daga ƙasar Sumaila, Kirista ɗan Kirista, shi kaɗai cikin mutum goma sha ɗaya na sashensa. Bai taɓa riƙe lasifika ba. In abokin aiki ya kwanta ciwo, zai taka kekensa har Ɗorayi ya duba shi, ya nemi izini kafin ya yi masa addu'a. In an tambaye shi abin da ya gaskata, ya faɗa ba tare da kwana-kwana ba. In ba a tambaya ba, ya kama aikinsa.

Ganga in ta fara juyi ba a barin ta ba mai lura. Don haka duk Juma'a sai ya ce, "Ku tafi masallaci, ni na tsaya." Ba wanda ya ɗora masa wannan.

Ba kowa ne ya gode ba. Akwai Alhassan, magidanci daga Ringim, wanda ba ya shan ruwa da modar da Baba ya taɓa. Kofinsa ya sayo, ya rataye a ƙusa.

"Ɗan'auta, da furfurarka har yau ba ka gane hanya ba?"

"Ina kan tawa, Alhassan. Yi sauri kada huɗuba ta wuce ka."

Dokar sashen ita ce duk wanda ya zuba magani ya ja layi da alli a jikin ganga, don kada wani ya ƙara. Wata Juma'a a shekarar 2003, Alhassan ya zuba, yana saurin masallaci, ya manta allin. Baba ya duba bai ga layi ba, ya zuba nasa. Da aka buɗe, fatun awaki duk sun ƙone, suna yagewa kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

Manaja ya tara su. "Yau wani zai bar gidan nan. Wa ya ƙi yin alli?"

Kowa ya sani. Kowa kuma ya san Hauwa, matar Alhassan, ta haifi tagwaye, ko suna ba a yi ba. Ga masana'antu ana ta rufewa a Sharaɗa da Bompai, wanda ya rasa aiki sai ya gaji da yawo. Alhassan ya kasa ɗaga ido.

Baba, wanda a lokacin shi ne heluma, wato shugaban sashen, ya matso gaba. "Ranka ya daɗe, ba zan yi maka ƙarya ba, bai yi alli ba. Amma shekara ashirin da biyar ina shaƙar gangar nan. Da na buɗe na sansana, da na gane an zuba. Ban buɗe ba. A sauke ni daga heluma, a bar shi da aikinsa."

"Ramin wankin fatu za ka koma fa."

"Daga can na fara."

Ga wanda bai san ramin nan ba, wuri ne da ake wuni cikin ruwa har gwiwa, magani na cin tafin ƙafa. Baba ya haura hamsin ya koma ciki, bai fita ba sai ranar da ya ajiye aiki.

Bayan kwana uku Alhassan ya zo ya tsuguna a bakin ramin.

"Baba, wane alheri na taɓa yi muku?"

"Babu."

"To don me?"

"Wanda nake bi, Yesu Almasihu, ya ɗauki kayana alhali ban taɓa yi masa komai ba. Koyi nake yi."

"Ni fa ba zan bar addinina ba."

"Na ce ka bari? Ka tambaya, na ba ka amsa. Tashi ka je ka yi alli."

'Yan'uwa, a faɗi gaskiya. Da yawanmu mun iya shelar bishara a cikin mota, mu dami fasinja, mu sauka mu zambaci maƙwabci. Muna son a ƙirga mana tubabbu kamar buhunan gyaɗa. Wa zai saurari bakin da hannunsa ke ƙaryata shi? Alhassan Musulmi ne har gobe, amma in wani ya zagi Kirista a gabansa, shi ne zai fara cewa, "Ba ka san Baba ba."

Ranar ban kwana rana ta take, Baba ya nufi randa. Alhassan ya riga shi, ya sauko da kofin nan daga ƙusa, ya cika, ya miƙa da hannu biyu.

"Ku sha, ku rage mini."

Baba, kai ne ka yi wa'azi shekara huɗu da ƙafafu cikin ruwan magani. Kai ne icen da ya ba mai saransa inuwa. Mun gode, Ubangiji ya warkar da ƙafafun nan, ya ba ka hutu. Mu kuwa da muka rage, duk mai son a ji labarin Almasihu daga bakinsa, ya fara neman gangar da zai tsare wa wani.