Kaset ɗin Likita da Matan Gungu

Shekarun baya can, ina koyon aikin koyarwa, aka tura ni wata sakandaren 'yan mata a gefen garinmu Yelwa. Lokacin ji nake Turanci gadon gidanmu ne. Sai aka ce ran Alhamis malaminmu na kwaleji zai zo ya ga darasina na sauraro. In na faɗi, sai na maimaita shekara.

Ran Litinin na gwada. Na kunna wa ɗalibai kaset a rediyo, na hirar wata mata da likita da Turanci, na koma gefe na harɗe hannu. Sau uku ina mayarwa. Sannan na yi musu tambaya. Can wata ta ce, "Malama, mun dai ji an yi tari."

Da la'asar na iske mahaifiyata a bakin ruwa, wurin matan gungu, wato mazauna tsibiran kogi, masu kawo mata kifin banda. Suna ta zuba yarensu na Gunganci, ita kuwa tana gyaɗa kai tana jajanta musu. Na ba ta labarina, na ƙara da cewa, "Inna, ke yaushe kika iya Gunganci?"

Ta ce, "Wa ya ce miki na iya? Kalmomina ba su fi ashirin ba. Tun jirgi na nesa na ga kwanduna ba su cika ba, jiya kuma an yi iska mai ƙarfi. To mi za su ce in ba wannan ba? Ke ko kin jefa ɗiyan mutane cikin zance ba ko sallama."

Ran Alhamis na yi minti goma ban taɓa rediyon ba. Na tambayi wadda ta taɓa zuwa asibiti, da abin da likita kan tambaya. Na rubuta kalmomi biyar a allo, na sa suka yi hasashen hirar. Na ce abu biyu kawai za su nema: ina ke wa matar ciwo, kuma sau nawa za ta sha magani. Malamin sai duba agogo yake yi. Ina kunnawa, tun kafin hirar ta ƙare hannuwa suka tashi.

Bayan an tashi ya ce na ci, sannan ya tambaye ni inda na koyi wannan dabara. Na gyara gyale na ce, "A littafi, Malam."

Har yau da haka nake fara kowane darasin sauraro. Kuma har yau amsar nan na ba ni kunya, domin Inna ta rasu ban taɓa gaya mata cewa ita ta ci mini jarrabawar ba.