Ranar da Baba Ya Bar Sojoji a Bakin Gada

Akwai wata Asabar da ba na jin za ta goge daga zuciyata, komai tsawon ran da Allah ya ba ni. Abin mamaki kuma, a kan wasan kwamfuta maganar ta faro, abin da a lokacin ban taɓa zaton zai motsa dattijo irin mahaifina ba.

Ina shekarar farko a babbar makaranta, muna zaune a gidanmu na Ƙofar Ran a Bauchi. Kwamfuta ɗaya ce a gidan, tsohuwa, Baba ya saya mana ni da yayana don karatu. Karatun muna yi, amma gaskiya gem ne ya fi cinye mata caji. Kowa da nasa. Nawa na dabarun yaƙi ne: kana kallon ƙasa daga sama kamar taswira, ka gina gari, ka yi noma, ka tara runduna, ka tsare mutanenka daga dodanni da matsafa. A na Yaya kuwa mutum ɗaya tak kake zama, wani maharbi mai yawo da ƙafa. Ka ratsa daji, ka shiga kasuwa, ka yi hira da mutane, ka samu abokan tafiya, ka zaɓi wanda za ka taimaka da wanda za ka wuce.

Dukansu duniyar almara ce, amma ba mu taɓa yarda abu ɗaya muke yi ba. Ni ina ganin nasa ɓata lokaci ne, a kwashe awa guda ana nema wa wata tsohuwa akuyarta. Shi kuma ya ce nawa ba shi da rai, lissafi ne aka shafa wa fenti. Da kwamfutar ta cika ta fara tsayawa, mai gyara ya ce dole a goge ɗaya, sai gardamar ta zama faɗa, har muryarmu ta kai zaure.

Baba tsohon soja ne, da muƙamin saja ya bar aiki. Ba shi da yawan magana. Mun san an taɓa tura su aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa tun ina goye, amma bai taɓa ba mu labarin ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ranar, bayan azahar, ya shigo tsakar gida ya ce, "Ku kawo abin nan in gani. Ba na yanke hukunci a kan abin da ban sani ba."

Yaya ne ya fara. Baba ya sa gilashinsa, ya matso da kujera, ya shiga jero tambayoyin da ba mu taɓa yi wa kanmu ba. "Wannan bawan Allah me yake ci? Ina yake kwana? Takalminsa ba ya yagewa?" Yaya ya buɗe masa jakar maharbin, ga guzuri, ga magani, ya nuna masa yadda in kaya suka yi yawa tafiyar take yin nauyi. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Wanda ya ƙirƙiro wannan ya taɓa ɗaukar kaya a bayansa." Can sai aka raunata abokin tafiyar maharbin, ga magani saura ɗaya. Yaya ya ɗan tsaya yana shawara. "Ba shi mana!" in ji Baba. "Har sai ka yi tunani?" Yaya ya juyo yana mini murmushin wanda ya gama cin nasara.

Da aka zo kaina, sai na zaɓi matakin da na fi alfahari da shi. Rundunar dodanni na tahowa, manoma na guje-guje zuwa cikin ganuwa, kuma sai sun gama shiga za a rufe ƙofa. Tsakanin garin da dodannin akwai kogi da gada ɗaya. Na tura 'yan tsirarun masu mashi suka tare gadar, na janye babbar runduna cikin gari. Dodanni suka gama da masu mashin, amma kafin nan kowa ya shige, an rufe ƙofa, na yi nasara. Na waiwayo ina jiran yabo.

"Waɗancan na gadar su waye?" Baba ya tambaya.

Na ce, "Baba, ai ba su da suna. Masu mashi ne kawai, su suka fi sauƙin samu."

Baba ya juyo ya kalle ni. Sannan ya ce, "Matsa, Uwata. Nuna mini inda ake dannawa."

Na koya masa riƙe linzamin kwamfutar. Karon farko ya kwashi runduna duka ya kai gada don a ceci masu mashin. Dodanni masu fiffike suka tsallake ta sama suka ƙone garin da ba mai tsaro. Ya ce a sake. Karo na biyu ya janye kowa daga gadar, dodanni suka cim ma manoma a hanya. Ya ce a sake. Na uku ya raba rundunar biyu, aka cinye kowane rabi daban. Ni a lokacin sha'awa ce ta cika ni, don ban taɓa ganin Baba ya nace wa abu haka ba, har ina ba shi shawara kamar wata malama. Ban lura da zufar da ta jiƙa masa wuyan riga ba.

A karo na huɗu ya tura masu mashin gada, ya janye sauran. Bai ɗauke ido daga kansu ba har na ƙarshensu ya faɗi. Kiɗan nasara ya tashi. Baba ya cire gilashinsa ya ajiye a gwiwa.

"Mu goma sha biyu ne," ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba. "Kaftin ɗinmu ya ajiye mu a bakin wata gada, ya ce mu riƙe ta awa ɗaya, mota za ta dawo ta ɗauke mu. Ya kwashi mutanen garin a motocin ya tafi. Motar ba ta dawo ba. Mu huɗu muka fito, da ƙafa."

Innarmu da ke tankaɗe a ƙofar kicin ta ajiye rariya. Daga baya ta gaya mini ita ma ranar ta fara jin adadin.

Ashe kaftin ɗin ɗan Bauchi ne, yana raye, ya koma noma a Zungur. Ashe shi ne dattijon da in suka haɗu a wurin jana'iza ko ɗaurin aure Baba yake sauya hanya. Shekara kusan ashirin bai amsa masa sallama da sakin fuska ba.

"Kullum daga ƙasa nake kallon ranar," Baba ya ce. "Yau ne na fara ganinta daga sama. Sau uku ina neman wata hanyar ban samu ba." Sannan ya ƙara, "Amma akwai abin da na'urar nan ba za ta gaya mini ba. Ina so in ji ko ya san motar ba za ta dawo ba."

Hukuncin da muke jira daga gare shi kuwa bai ko tuna da shi ba, mu ma kunya ta hana mu tayarwa. Yaya ne daga baya ya samo wata 'yar ma'ajiya wajen abokinsa ya kwashe nasa a ciki.

Washegari da hantsi muka ɗauki shatar mota zuwa Zungur. Baba ya ce in shirya in bi su shi da Yaya, tunda ni na jawo. Muka tarar da kaftin ɗin a bakin gonarsa, ƙarƙashin mangwaro, wani siririn tsoho yana ɓarar gyaɗa a tire. Da ya ga Baba sai ya miƙe da ƙyar.

"Saja," ya ce. "Kai ne da kanka?"

"Ni ne, yallaɓai. Tambaya ɗaya ta kawo ni."

Aka shimfiɗa mana tabarma ni da Yaya a gefe, amma muna jin komai. Baba bai yi wani kwana-kwana ba. "Ranar da ka ce mota za ta dawo, ka san ba za ta dawo ba?"

Tsohon ya kalli gyaɗar da ke hannunsa. "Na sani. Man da ya rage ba zai kai mu ya dawo ba. Na ji tsoron in na faɗa muku ba za ku tsaya ba."

"Da mun tsaya," in ji Baba. "Wallahi da mun tsaya. Barin mu a can na fahimce shi, jiya ma na ƙara fahimta. Abin da ya ci mini rai shi ne ba ka yarda da mu ba. Da ka faɗa mana, da kowa ya ba da saƙon da za a kai wa iyalinsa."

Kaftin ɗin bai kare kansa ba. Sai kawai ya fara kiran sunaye. Ɗaya bayan ɗaya, su takwas, kowa da sunan mahaifinsa da garinsu, har da wanda matarsa ke da ciki a lokacin. Bai yi tuntuɓe a ko ɗaya ba. Ya ce kowace asuba sai ya ambace su, Musulmin cikinsu da Kiristan, bai taɓa tsallake rana ba. Sannan ya ce, "A kan ƙaryar ba ni da hujja, Saja. Ka yafe mini in za ka iya."

Ban ji Baba ya furta kalmar yafiya a ranar ba, kuma ba zan ƙara wa labarin abin da ban ji ba. Abin da na gani shi ne ya ja tiren gabansa ya shiga taya shi ɓarar gyaɗa. Da lokacin salla ya yi suka tafi masallaci tare, Baba na riƙe da hannunsa saboda ƙafar tsohon ba ta da ƙarfi. Bayan nan ya riƙa zuwa Zungur lokaci-lokaci har Allah ya yi wa kaftin ɗin rasuwa.

Yanzu ni ma ina da mutane a ƙarƙashina a wurin aiki, kuma akan zo ranar da dole in ɗora wa wani nauyin da ba ya so don sauran su tsira. Abin da na koya a wancan lokacin shi ne, mai kallo daga sama yana iya yin daidai a shawararsa amma ya yi kuskure a yadda ya ɗauki mutane. Don haka in zan tura mutum wuri mai wuya, sai na kira shi da sunansa, na zaunar da shi, na gaya masa gaskiyar abin da ke jiransa a can.